Bencin Mai Shayi Ba Ofis Ba Ne

Duk wanda ya taɓa sauka a Rumuokoro, babbar mahaɗar nan ta Fatakwal da ke ƙaramar hukumar Obio-Akpor, ya san matsayin teburin mai shayi ga Bahaushen da ke zaman ci-rani. Nan direban da ya kwana bisa hanya yake karya kumallo, nan mai gadi da ɗan dako suke jin labarin gida, nan baƙo yake tambayar inda zai sauka. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu. To, wannan majalisa ce muke ganin ana neman ƙwacewa da rana tsaka.

Tun bayan kullen annobar korona a 2020, an sami ƙaruwar matasan da ke aiki ta intanet ba tare da zuwa ofis ba. Ba mu ƙi sana'ar ba, domin halal ce, kuma ta fi zaman kashe wando. Abin da muka ƙi shi ne ɗabi'ar wasunsu. Saurayi zai zo da kwamfutarsa da hantsi, ya sayi shayi kofi ɗaya, ya jona caja a janaretan mai shayi, ya toshe kunnuwansa, ya shimfiɗa takardu a wurin zaman mutum uku, ba zai tashi ba sai la'asar. Mai shayi kuwa kunya ta hana shi magana, wai kada a ce ya kori ɗan'uwa a baƙuwar ƙasa.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Jarin mai shayi bai wuce tukunya da benci ba, ribarsa kuwa tana cikin wani ya tashi wani ya zauna. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin fetur ya ninka, kowace sa'a da janareta ya yi yana ruri daga aljihunsa take fita. Ashe wanda wataƙila ake biyansa da dalar Amurka shi ne yake cin gumin mai ƙirga ribarsa da naira. Wannan ba zumunci ba ne, cin haƙƙi ne.

Za su ce ai a ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi. Za su kawo misalin shagon gahawa na Edward Lloyd a Landan, wanda kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali daga gare shi, ko Najib Mahfuz, marubucin Masar da ya sami kyautar Nobel a 1988, wanda ya shahara da zaman shagunan gahawa na Alƙahira. Sai dai hujjar tasu a kansu take komawa. 'Yan kasuwar Landan labarin jiragen ruwa suke musaya da baki. Mahfuz kuwa hira da sauraron jama'a ke kai shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya je don ya juya wa mutane ƙeya.

Mu da muke nazarin adabi, asararmu ta fi ta kuɗi. A teburin mai shayi ne karin magana da barkwanci da ba'a tsakanin Bakano da Bazazzagi suke rayuwa nesa da gida. Ranar da benci ya cika da masu toshe kunne, hira ta mutu, yaran da aka haifa a kudu kuma sun rasa makarantar da ta rage musu ta koyon harshe.

Saboda haka, wanda zai mai da benci ofis ya biya kuɗin zama da na wuta bisa yarjejeniya, ya kuma ba da wuri lokacin karin kumallo da bayan magariba. Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa su sa baki, tunda mai shayi ba zai iya faɗa da kansa ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada kawaicin mai shayi ya zame masa hakan. Allah ya sa mu gane.