Inuwar Giginya: Otal-otal Ɗin Baƙin Wasa Da Rumbun Manomin Funtuwa

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da mahukuntan ƙasar nan suka tashi neman a ba su karɓar baƙuncin wata babbar gasar wasanni ta duniya, waƙa ɗaya suke rera mana. Wai za a gina otal-otal na ƙasaita masu taurari biyar, a shirya wa baƙi abinci na gani na faɗa, baƙin su zo da kuɗin ƙasashen waje su zubar, sa'an nan arzikin ya gangaro har ya iske manomi a gonarsa. A 2007 an nemi a kawo wasannin ƙasashen renon Ingila na 2014 Abuja, aka kayar da mu da ƙuri'a 47 da 24, aka ba birnin Gilasgo. A 2025 aka sake ɗaura ɗamarar neman na 2030, aka ba Ahmedabad ta ƙasar Indiya. Ba shakka gobe ma za a sake nema. To, mu 'ya'yan manoman Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja, waɗanda da kuɗin masara da auduga aka biya mana kuɗin makaranta, muna da hakkin mu tsaya mu yi tambaya kafin a sake buga mana wannan ganga: bukukuwan da aka yi a baya, ina rabon iyayenmu a ciki?

Bari mu waiwaya, domin waiwaye adon tafiya ne. A watan Janairu na 1973 aka yi Wasannin Afirka karo na biyu a Ikko, a sabon filin wasa na Surulere. A daidai wannan lokaci kuwa fari ya riga ya kama ƙasashen Arewa, shanu na faɗuwa, rumbuna sun yi fayau, mutanen karkara na barin gidajensu neman abin sawa a baka. Ana can ana jera faranti a gaban baƙi, nan kuwa magidanci na auna tsabar da za ta kai iyalinsa gobe. Bayan shekara huɗu, a 1977, aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, aka kawo hawan dabarsa Kaduna, aka gina Otal ɗin Durbar musamman domin saukar manyan baƙi. Ina Durbar yau? Ya shekara da shekaru a kulle ana shari'a a kansa, ciyawa ta cinye harabarsa, har a watan Janairu na 2020 gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka rushe shi. Filin Surulere kuwa, wanda aka yi ta alfahari da shi, shi ma ya daɗe a yashe kamar kangon da ba mai shi.

A 1995 Nijeriya ce ya kamata ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta matasan duniya, amma hukumar FIFA ta janye ta mayar da ita ƙasar Katar, bisa hujjar cewa akwai rahoton ɓarkewar sanƙarau da kwalara. Manyanmu suka fusata, suka ce an ci mutuncin ƙasa. Shekara na zagayowa, a 1996, annobar sanƙarau ta halaka dubban mutane a Arewa, akasarinsu yara. Ashe mutuncin ƙasa a wurinsu shi ne ɗakin da baƙo zai kwana, ba asibitin da ɗan talaka zai kwanta ba. A 1999 dai aka samu biyan bukata, aka yi gasar a garuruwa takwas, ciki har da Kano da Kaduna da Bauci. A 2000 Kano ta sake saukar baƙin gasar cin kofin Afirka wadda aka yi tarayya da Gana. A 2003 aka yi Wasannin Afirka a Abuja, aka gina sabon fili mai ɗaukar mutum dubu 60 da unguwa guda ta 'yan wasa. A 2009 kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta sake zuwa Kano da Kaduna. Watau cikin shekara goma, sau uku ana dafa tukunyar biki a garuruwan da ba su wuce tafiyar sa'a biyu ko uku daga Funtuwa da Malumfashi ba. In da gaske ne arzikin baƙi yana gangarowa, ai mu ya kamata mu fara jiƙewa. To, wane manomi ne a Ɗandume ko Ƙafur zai nuna rufin kwano ko garmar shanu ya ce, wannan albarkacin gasar 1999 ne?

Dalilin rashin gangarowar ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda babban otal ke tafiya. Da fari dai a dubi abin da ke kan tebur. Burodi da kek da taliya daga alkama ake yinsu, alhali kusan duk alkamar da ake ci a ƙasar nan ta jirgin ruwa take shigowa. Man shanun da ake shafawa da cuku da madarar gwangwani, da giyar inabi, da tuffa, duk daga ƙetare suke. Manyan ƙungiyoyin ƙwallo kuwa sukan taho da kukunsu, wani lokaci har da guzurin abincinsu, domin likitocinsu ba su yarda ɗan wasa ya ci abin da bai saba ba. Sa'an nan in otal ɗin yana ɗauke da sunan wani kamfanin waje, kamfanin yana da kasonsa na ladar gudanarwa da ladar suna, wanda ake fitar masa da kuɗin ƙasashen waje. Abin da ya shigo ta ƙofar gaba da sunan dala, ta ƙofar baya yake sulalewa da sunan dala.

Ɗan abin da ya rage wanda ake saye a gida, watau tumatir da albasa da tattasai da kaji da ƙwai, shi ma ba a hannun manomi ake sayensa ba. Otal yana ba ɗan kwangila oda, ɗan kwangila ya je wurin dillali a kasuwar birni, dillali kuwa ya riga ya sari kayan a bakin gona da farashin da ya ga dama. Manomin Ɗanja da tumatirinsa ya nuna ba shi da ikon jira, domin in ya kwana biyu a kwando ya ruɓe, kuma babu ɗakin sanyi da zai adana shi. Manomin masara a Bakori yana sayarwa da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, saboda bashin taki da na 'yan ƙodago na jiransa. Gasa ta mako uku ce. Noma kuwa aikin shekara ne. Yaya biki na kwana ashirin da 'yan kai zai canza farashin buhun da aka sayar wata biyar kafin a busa usur? Farantin da ake sayarwa a otal da kuɗin da ya fi ladar ƙodagon mako, wanda ya shuka abin da ke cikinsa ko ƙanshinsa bai ji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma mu tambaya, su wane ne ma baƙin? Gasar matasa ba ta jawo dubban 'yan kallo daga Turai ko Amurka. Masu zuwa su ne 'yan wasa, da masu horar da su, da alƙalan wasa, da 'yan jarida, da jami'an hukumar ƙwallo. Sauran ɗakunan kuwa namu ne ke cika su: 'yan kwamiti, da 'yan ƙaramin kwamiti, da masu ba da shawara, da 'yan rakiyar mai girma wane, kowa da kuɗin kwanansa daga baitulmali. Da sunan baƙo ake yanka ragon, amma mai gida da abokansa ke cinye tsokar. Wannan shi ne sirrin da ya sa manyanmu ba su gajiya da neman baƙunci, ko da kuwa an sha kayar da su.

Mun san abin da masu kare wannan al'amari za su ce, kuma ba za mu toshe kunne ba. Za su ce karamci gadonmu ne, baƙonka annabinka. Gaskiya ne. Amma karamcin da muka gada shi ne mai gida ya ba baƙo mafi kyawun abin da ke gidansa: a dama masa fura da nono, a tuƙa masa tuwo, a yanka masa kaza. Ba mu taɓa jin mai hankali ya ci bashi ya sayo abincin garin baƙo ya ajiye masa, 'ya'yansa na kwana da yunwa a bayan ɗaki ba. Wannan ba karamci ba ne, ƙarya ce, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Za su ce ana samun aikin yi. Ana samu, amma irin wane? Share ɗaki da ɗaukar jaka na 'yan makonni, wanda ana tashi daga wasan ƙarshe ake sallamar mutum. Za su ce an gyara filayen wasa. Wannan mun yarda da shi: filin Sani Abacha na Ƙofar Mata da filin Ahmadu Bello na Kaduna sun amfana, matasanmu kuma sun ci gaba da shiga. Mu ba maƙiyan ƙwallo ba ne. Da yawanmu ba mu da hira sai ta Kano Pillars da Katsina United. Amma fili daban, ɗakin kwana mai hawa goma daban. Ƙofar fili ɗan talaka yana iya shigarta da ɗan kuɗin tikiti. Ƙofar otal kuwa mai gadi ne zai tare shi tun daga bakin titi.

Ko ƙasashen da suka fi mu ƙarfi sun ɗanɗana kuɗarsu. Birnin Montiriyal na Kanada ya yi wasannin Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin filinsa ba sai a 2006, shekara 30 cur. Barazil ta gina ƙaton fili a Manaus, a tsakiyar dajin Amazon, domin gasar duniya ta 2014, aka buga wasa huɗu kacal na gasar a cikinsa. Ita kanta Katar, da duk arzikin iskar gas ɗinta, a 2022 sai da ta yi hayar manyan jiragen ruwa ta girke su a tashar Doha, ta kuma kafa ɗakunan wucin gadi domin 'yan kallo, saboda ta san baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tafi. Birnin Los Anjalis kuwa a 1984 ya saukar da 'yan wasan Olamfik a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'o'insa, ya yi amfani da filayen da yake da su tun da, har ya tashi da riba. In masu shi suna tsimi, mu da muke cin bashi mene ne namu na almubazzaranci?

Yanzu a juyo a dubi ƙasar da ake cewa za ta ciyar da baƙin. A 1975 aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin yana da aibinsa, domin manyan manoma sun fi ƙanana morarsa, amma hanyoyin karkara da ya shimfiɗa, da irin masara da takin da ya yaɗa, su ne suka mayar da yankin nan rumbun masara. Wannan shi ne kuɗin da aka zuba a ƙasa ya tsiro. Auduga kuwa, wadda saboda ita aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, wadda kuma ta daɗe tana cika taragun jirgin da ya bi ta Funtuwa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ta shiga halin ni-'yasu tun da aka rushe hukumar cinikinta a 1986, sa'an nan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya bayan shekarar 2000. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin dakon kaya da na ban-ruwa. Uwa uba, a shekarun nan 'yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, har akwai ƙauyukan da sai da manomi ya biya su haraji kafin ya girbe abin da ya shuka da guminsa. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙasar da ta kasa tsare ɗakin kwanan 'ya'yanta, da wane ido za ta yi mana zancen ɗakin kwanan baƙi?

Saboda haka ga abin da muke kira a kai, kuma muna roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ɗauke shi a matsayin bukatarta. Na farko, kafin a sake neman baƙuncin kowace gasa, a fito da lissafin ta 1999 da ta 2003 da ta 2009 filla-filla, jama'a su ga nawa aka kashe a masauki da abinci, su wa aka ba kwangila. Na biyu, kada a sake sa ko kwabo na baitulmali a ginin otal ɗin alfarma ko gyaransa. Ɗan kasuwar da ya ga akwai riba ya sa kuɗinsa, ya ci ribarsa ko ya ɗauki asararsa. Na uku, in dole sai an saukar da 'yan wasa, a gyara ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero a sauke su a ciki, domin in sun tafi gyaran ya rage wa masu kwana a cunkushe yau. Na huɗu, duk otal ɗin da zai karɓi kuɗin gwamnati domin ciyar da baƙi, a wajabta masa yin yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyin gama kai na manoma tun kafin shuka, da farashi sananne, ba tare da ɗan tsakiya ba. Na biyar, a sa wa baƙo waina da dambu da kilishi da tuwon shinkafa a gabansa ba tare da jin kunya ba, domin wanda ya keto teku ya zo ƙasar Hausa ba abincin garinsu ya zo nema ba.

'Yan'uwa, wasu daga cikinmu nan da 'yan shekaru su ne za su zauna a kujerun da ake sa hannu a kan irin waɗannan kwangiloli. Ranar da aka ajiye takardar a gabanmu, aka ce wannan domin mutuncin ƙasa ne, mu tuna da buhun masarar da aka sayar da kaka a kasuwar Ɗandume domin mu zo jami'a. Giginya ta daɗe tana ba na nesa inuwa, na gindinta na shan rana. Lokaci ya yi da masu ba ta ruwa za su nemi rabonsu, kuma mu da aka ilmantar da guminsu, mu ne ya wajaba mu fara buɗe baki.