Kulob Na Mai Kuɗi Ne, Ko Na Magoya Baya?

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta ɗakin talabijin na ɗalibai ran Asabar da la'asar, ko kuwa ya zauna wurin mai shayi a bakin ƙofar jami'a bayan an tashi daga wasa, ya san akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan'uwanmu masu sha'awar ƙwallon ƙafa. Wasu su ce mai kulob nagari shi ne wanda ba ya jin ciwon kuɗinsa, ya sayo duk ɗan wasan da ake yayi ko nawa aka yi masa kuɗi. Wasu su ce a'a, attajiran nan su ne suka lalata wasan, suka mai da shi kasuwar dabbobi. Wasu kuma, waɗanda ba a cika sauraronsu ba saboda ba su iya ɗaga murya, su ce a bar yaran gida su taso. Mun daɗe muna jin wannan ka-ce-na-ce, har muka ga ya kamata mu ma mu tofa albarkacin bakinmu a wannan mujalla.

Za mu ɗauki kulob ɗin Chelsea na birnin Landan ya zama abin misali, domin babu kulob ɗin da aka fi jayayya a kansa a tsakaninmu. Tun zamanin da Celestine Babayaro ya yi musu wasa, balle kuma shekaru goma sha ɗaya da John Mikel Obi ya yi a can daga 2006 zuwa 2017, kulob ɗin ya sami ɗimbin magoya baya a ƙasar nan. Bayan wannan kuma, tarihinsa na shekarun baya-bayan nan ya ƙunshi dukan abubuwa ukun da ake gardama a kansu, watau wane ne mai kulob, nawa ake kashewa wajen sayen 'yan wasa, kuma ina makomar yaran da aka rena a gida.

Bari mu fara ba masu goyon bayan kashe kuɗi haƙƙinsu, don kada a ce mun yi son kai. Kafin attajirin nan na Rasha, Roman Abramovich, ya sayi Chelsea a 2003, sau ɗaya tak kulob ɗin ya taɓa cin gasar Ingila, a 1955. Cikin shekaru goma sha tara da ya yi yana riƙe da shi, an ci gasar Firimiya sau biyar, an kuma ɗauki kofin Zakarun Turai sau biyu, a 2012 da 2021. Wanda duk ya ce kuɗi ba su sayen kofi bai dubi wannan lissafi ba. Mun yarda da wannan ba tare da wata ja-in-ja ba.

To, amma sai a tambaya, a kan wane irin tushe aka yi wannan gini? An sami amsa ran 10 ga Maris 2022, sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich takunkumi bayan da Rasha ta auka wa Yukren. Dare ɗaya kulob ɗin da ke riƙe da kofin Turai ya wayi gari ba shi da ikon sayar da sabon tikiti, ba shi da ikon buɗe kantin sayar da rigunansa, ba shi da ikon sayen ɗan wasa ko sabunta wa wani kwantiragi. A sa'an nan ne da yawa daga cikinmu suka fara jin cewa kuɗin nan da ake ta alfahari da su rance ne, wajen fam biliyan ɗaya da rabi, wanda mai kulob ya ba kulob ɗinsa. Gaskiya ne ya ce ya yafe, amma da bai yafe ba fa? Kulob ɗin da aka kafa tun 1905 ya kusa durƙushewa saboda rigimar siyasar da babu hannun ɗan wasa ko ɗan kallo ko ɗaya a cikinta. Ashe Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

A watan Mayu na wannan shekara wasu 'yan kasuwa na Amurka, ƙarƙashin Todd Boehly da kamfanin Clearlake Capital, suka sayi kulob ɗin a kan fam biliyan biyu da rabi. Su kuwa sai suka nuna wa duniya cewa abin da Abramovich ya yi wasan yara ne. Kafin ƙarshen bazarar 2023 sun kashe sama da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa. Enzo Fernández kaɗai ya ci wajen fam miliyan 107 a Janairun 2023, sa'an nan aka ɗauko Moisés Caicedo a watan Agusta a kan kuɗin da za su iya kai wa fam miliyan 115. A cikin kakar farko ta sababbin masu kulob an sallami masu horarwa biyu, Thomas Tuchel da Graham Potter, aka kuma ƙare a matsayi na 12 da maki 44. Ko da yake daga baya an farfaɗo, har aka ci kofin duniya na kulob-kulob a 2025, abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda aka biya kuɗin wannan cefane.

A nan muke roƙon 'yan'uwanmu na sashen nazarin lissafin kuɗi su taya mu bayani. A ƙa'idar da ake bi a Ingila a waɗannan shekaru, ba a yarda kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekaru uku ba, kuma an ga yadda aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024 saboda sun ƙetare iyaka. To, idan kulob ya sayi ɗan wasa, ba a rubuta kuɗin gaba ɗaya a littafin shekara guda, ana rarraba su ne bisa yawan shekarun kwantiraginsa. Shi ya sa aka ba Enzo kwantiragin shekara takwas da rabi, don nauyinsa a littafi ya zama kamar fam miliyan goma sha biyu da rabi a shekara. Dabarar ta yi yawa har hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023. Amma idan kulob ya sayar da yaron da ya rena da kansa, tun da ba a saye shi da ko kwabo ba, duk abin da aka samu zallar riba ce, kuma nan take ake rubuta ta. Watau fam miliyan 55 da Manchester United ta biya a kan Mason Mount a 2023 sun isa su rufe nauyin Enzo na fiye da shekara huɗu.

Wannan ne ya sa yaron gida ya zama shi ne akuyar da ake fara kai wa kasuwa idan bashi ya taso. Mount ya shiga Chelsea yana ɗan shekara shida. Conor Gallagher ya shiga tun yana ƙaramin yaro, ya riƙa ɗaura ƙyallen kyaftin a kakar 2023 zuwa 2024, amma bazara na zuwa aka sayar da shi ga Atlético Madrid. Wannan ɗabi'a kuwa ta girmi sababbin masu kulob. A 2021, Abramovich na nan, aka sayar da Fikayo Tomori ga AC Milan, ya ci gasar Italiya a shekarar da ta biyo baya. Aka sayar da Tammy Abraham ga Roma, aka kuma sayar da Marc Guéhi ga Crystal Palace, wanda ya jagorance su suka ɗauki kofin FA a 2025. A wannan bazara ta 2021 ɗin ce aka sake sayo Romelu Lukaku a kan fam miliyan 97 da rabi, mutumin da su da kansu suka sayar wa Everton a kan fam miliyan 28 a 2014. Manomin da ke sayar da irin shukarsa da kaka don ya sayo hatsi da tsada da bazara, wane suna za mu ba shi?

Abin mamaki shi ne, lokacin da aka fi cin moriyar makarantar horar da yara ta Cobham shi ne lokacin da aka ɗaure wa kulob ɗin hannu. A 2019 hukumar FIFA ta hana Chelsea sayen 'yan wasa saboda karya ƙa'idar ɗaukar yara ƙanana daga ƙasashen waje. Ga shi Eden Hazard ya tafi Real Madrid. Dole ta sa Frank Lampard ya juya ga Mount da Abraham da Tomori da Reece James, yaran da da ba don haka ba da suna can ana ta ba da su aro. Suka ƙare a matsayi na huɗu, Abraham ya ci ƙwallo 15 a gasar Firimiya. Bayan shekara guda, a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a birnin Porto, Mount ne ya zura wa Kai Havertz ƙwallon da aka ci Manchester City da ita, James kuwa yana tsaye a baya. Ba mu manta ba cewa da kuɗin Abramovich aka gina Cobham. Hasali ma wannan shi ne hujjarmu: daga cikin duk abin da ya kashe, wanda ya zuba a kan filaye da malamai da yara shi ne ya tsaya bayan tafiyarsa.

Akwai kuma abu na biyu da ya tsaya, wanda ba mu taɓa jin an ambace shi a gardamar wurin mai shayi ba. A shekarun 1980 filin Stamford Bridge ya faɗa hannun masu gina gidaje, kulob ɗin ya kusa rasa matsuguninsa. Bayan an ceto shi, sai aka kafa wani kamfani mai suna Chelsea Pitch Owners, aka sayar wa magoya baya hannun jari, aka danƙa masa mallakar filin wasan da ma sunan kulob ɗin kansa, aka kuma ƙayyade cewa komai yawan hannun jarin mutum ƙuri'arsa ba ta wuce ɗari. A 2011 Abramovich, da duk dukiyarsa, ya nemi ya saye filin daga hannunsu. Yana bukatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u, ya sami kashi 61 da ɗoriya, ya haƙura. Haka kuma a watan Afrilu na 2021, da manyan kulob goma sha biyu suka ƙulla shirin ware kansu su kafa gasar da babu mai faɗuwa daga cikinta, magoya bayan Chelsea suka tare hanya a ƙofar filin, kafin gari ya waye kulob ɗin ya janye. A Jamus ma tun 1998 ƙa'ida ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun membobin kulob, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, tambayar da ta kamaci magoyin baya ya yi game da mai kulob guda biyu ce. Ta farko, idan ya tafi gobe, me zai bari? Ta biyu, idan ya so yin abin da zai cuci kulob, wa ke da ikon ce masa a'a? Yawan kuɗin da ya kashe a kasuwar bana ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kada mu tsaya a kan gemun Landan mu manta namu. Mu da muke iya lissafa albashin ɗan wasan Chelsea har na mako, mu nawa ne muka san nawa ake kashewa a kan kulob ɗin jiharmu? Yawancin kulob ɗin da ke babbar gasar Nijeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Plateau United. Kulob ɗin da ya dogara ga baitulmalin jiha kuwa matsalarsa ɗaya da wanda ya dogara ga aljihun attajiri, domin ƙarfinsa yana hawa yana sauka ne gwargwadon sha'awar wanda ke kan kujera. Pillars ta ci gasar ƙasa sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, amma ta faɗa ƙaramar gasa a 2022 kafin ta dawo. Masu zaman kansu ma ba su tsira ba. Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na wani kofin Afirka a 1985, ta ci gasar ƙasa a 1986, amma da masu ita suka janye hannu sai ta watse kamar ba a yi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Remo Stars ta garin Ikenne, wadda ta gina filinta da makarantar yaranta, ita ce ta ci gasar ƙasa a 2025.

Ga shi kuwa ƙasar nan ba ta rasa yara ba, tun da sau biyar Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. A ƙa'idar FIFA, duk sa'ad da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma wannan haƙƙi sai wanda ya yi wa yaro rajista ya kuma adana takardu yake samunsa. Masu horar da yara a filayen unguwanni, waɗanda ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsu, su ne suka fi kowa yin asara idan babu takarda.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da su sayar wa magoya baya wani kaso na kulob ɗinsu, a ƙayyade yawan ƙuri'ar da mutum ɗaya zai iya riƙewa don kada wani mai hannu da shuni ya haɗiye duka. A riƙa buga lissafin kuɗin kulob kowace shekara kowa ya gani, tun da dukiyar jama'a ce. A ware wani kaso tabbatacce na kasafin kulob don ƙungiyoyin yara, a yi wa kowane yaro rajista tun ranar da ya fara. Mu kuma ɗalibai, musamman masu karatun shari'a da lissafin kuɗi, muna iya taimaka wa ƙananan ƙungiyoyin unguwanninmu da cike takardun nan a lokacin hutu. Idan an dawo wurin mai shayi ran Asabar mai zuwa, muna fata wani zai tsaya ya tambayi abokin gardamarsa yara nawa kulob ɗinsa ya rena bana, kuma ina suke.