Zaure Ya Ishe Mu

Duk sanda aka ce masu sana'ar hannu na Sabon Birni da Isa su haɗu su baje kolinsu, amsa biyu muke ji. Wasu su ce a bari zaman lafiya ya dawo, wasu su ce a bari gwamnati ta gina babban ɗakin nuni. Duka biyun jiran gawon shanu ne, kuma ba mu yarda ba.

Masu cewa lokaci bai yi ba, mun san abin da suke nufi. Ba mu manta da kisan watan Mayun 2020 a ƙauyukan Sabon Birni ba, ko matafiyan da aka ƙone cikin mota a Disambar 2021, ko Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, da ya rasu a hannun 'yan bindiga a Agustan 2024. Amma akwai asarar da ba a ƙirgawa. Duk ƙauyen da ya tashi, wutar maƙerarsa ta mutu. Baduku na gudun hijira a Gidan Rumji, yaron da yake koya wa na ga-ruwa a Sakkwato. Ita sana'a daga hannu zuwa hannu take tafiya. In muka jira lafiya ta samu kafin mu haɗa su, ranar da ta samu wa zai koyar?

Masu jiran gini kuwa, su duba tarihi. Ibrahim Narambaɗa na Tubali bai jira wani ɗakin taro ba, a fadar Sarkin Gobir na Isa da gaban jama'ar gari ya yi sunan da har yau ake jin Bakandamiya. A ƙasar Yarbawa ma, cikin 1962, a gidan Duro Ladipo da ke Osogbo aka buɗe Mbari Mbayo, kuma daga nan su Jimoh Buraimoh da Twins Seven Seven suka fito har duniya ta san su. Gidan mutum ɗaya ne, ba ma'aikata ba.

To, me ya hana mu? Zaure guda, ko ajin firamare ranar Asabar, da tabarmi da igiyar rataya kaya, sun isa. A yi da rana, a tsakiyar gari, da sanin mai unguwa, a watse kafin la'asar. Mai zayyanar allo ya zauna kusa da mai sassaƙar ƙwarya, maginiyar tukwane kusa da yaron da ke zane a waya. A ware wa matan cikin gida ranarsu, su kawo faifai da huluna. Wanda hanya ta hana, hoto ya same shi ta WhatsApp.

Ribar ba ciniki kaɗai ba ce. A nan mai ɗinkin hula za ta ji nawa dillali ke sayar da aikinta a birni. A nan maraya zai ga hannun da zai bi. A nan kuma masu fasaha za su san juna, su kafa adashen sayen fata da zare, domin zumunci a ƙafa yake.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka gina Tsibiri, suka gina Sabon Birni. Jikokinsu ba za su kasa share zaure ɗaya ba. Wa zai ba mu aron nasa?