Gyararriyar mota: mu duba shasi kafin fenti

Jama'a, duk wanda ya san Kumasi ya san Suame Magazine, inda makanikai da masu walda, har da 'ya'yanmu na Zango, suke tayar da matacciyar mota ta koma titi. Iyayenmu sun kai goro arewa a Bedford, wadda kafintoci ke ɗora wa bodin katako. A 2013 ma, masu sana'a a Suame da wasu 'yan Holan sun haɗa mota SMATI Turtle 1 daga tsofaffin kayan gyara.

A Turai, masu kuɗi na ɗora sabon bodi a kan tsohon shasi don ƙawa. Mu kuwa abincinmu ne, da ita muke ɗauko albasa daga Bawku.

Saboda haka, 'yan kasuwa, kada ƙyallin fenti ya ruɗe mu. Kafin mu biya, makanike ya shiga ƙarƙashi ya duba tsatsa da wuraren walda, a kuma gwada lambar shasi da ta takardun DVLA. Shasin da ya tsage ba ya sallama kafin ya karye, kuma rai da jari ne a kansa.

Allah ya kiyaye hanya.