Ba Rashin Kunya Ba Ne Ka Tambayi Abin da Ke Cikin Tukunya

A makon jiya wani kawuna ya taso daga Kurfi ya zo Dutsin-Ma ganin likita. An auna jininsa aka tarar ya hau, aka sabunta masa magani, aka ja masa kunne a kan gishiri. Da suka fito, ɗansa ya so ya nuna masa gata, sai ya kai shi ɗaya daga cikin sababbin gidajen cin abinci na gari, ya sa aka jere masa soyayyar shinkafa da kaza da lemon kwalba mai sanyi. Lomar farko kawu ya ji gishiri yana yankar harshe, amma ya cinye tas. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi: "Yaro ya kashe kuɗinsa, ina ni ina kushe masa abinci a gaban mutane?"

Ba ni da faɗa da gidajen abinci. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, gari ya cika da ɗalibai da ma'aikata waɗanda dole su ci a waje, matasa da mata da yawa kuma sun sami sana'a. Faɗana da kara ne, wannan kunyar da ke sa marar lafiya ya haɗiye abin da zai cuce shi don kada a ce ya cika tsirfa.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa, ruwan ya ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Sau da yawa mai hawan jini ba ya jin komai, har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko ƙoda ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Lissafin ya haɗa da na ɓoye: magin dunƙule, farin magi, ƙunshin ɗanɗanon indomi, yajin tsire, burodi, har da kanwa. Lemon kwalba kuwa, galibinsa yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, don haka roba ɗaya ta mililita 500 ta kai giram 50, iyakar da hukumar ta yanka wa babba a yini guda.

Akwai masu ganin cewa duk abincin da ya zo da baƙon suna ya fi namu tsabta da lafiya. Mu ɗauki na Tailan, ƙasar da muka sani ta buhun shinkafa 'yar waje, wadda kuma girkinta ya yi suna a duniya da ganye da kayan ƙamshi. Ginshiƙin ɗanɗanonsu ruwan kifi ne da aka jiƙa da gishiri tsawon watanni, cokalin cin abinci ɗaya nasa ya haura rabin sodiyam ɗin yini. Suna zuba sukari a miya da taliya, suna barbaɗa gyaɗa, wadda ke da haɗari ga wanda jikinsa ba ya karɓarta. Su kansu sun ga illar zaƙi, shi ya sa suka sanya haraji a kan lemuka masu sukari a 2017, kafin Najeriya ta sanya nata na naira 10 a kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Amma suna da ɗabi'a guda da ta kamata mu ara: mai saye yakan faɗi yawan yaji da zaƙin da yake so, ana kuma ajiye kayan ɗanɗano a kan tebur kowa ya ƙara daidai bakinsa. Babu wanda ke ɗaukar hakan raini.

Za a ce a koma abincin gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uwargidan da ke murza dunƙule biyar a miyar kuka, ta bi da farin magi, ta ƙara gishiri, ba ta da bakin zagin mai gidan abinci. Za a ce rai na hannun Allah. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa bin sababi ba ya kore tawakkali, kuma wanda ya hau mota daga Kurfi don a auna shi ya riga ya yarda da haka. Za a ce sau ɗaya ba ya kisa. Sau ɗaya a gidan abinci, sau ɗaya a walimar suna, sau ɗaya wajen mai shayi, kafin a farga mako ya cika, ana shan magani ana rushe aikinsa.

Saboda haka, mai hawan jini ko ciwon sukari, idan ka zauna a gidan abinci, buɗe baki ka yi magana. Kuɗinka ka biya. Tambayi abin da aka soya da abin da aka dafa. Abin da ake haɗawa nan take, kamar ƙwai ko taliya, ka ce a rage magi da gishiri. Nemi a kawo miya a kwano daban ka ɗiba kaɗan. Zaɓi gasasshen kifi a kan soyayye, ga madatsar Zobe a kusa da mu. Rabin faranti ya zama ganye, zogale ko rama ko kabeji, shinkafa kuma kada ta wuce kwatansa. Sha ruwa a maimakon lemo. Mai ciwon ƙoda kada ya koma gishirin da ake cewa na masu hawan jini sai ya tambayi likita, domin sinadarin fotasiyam da ke ciki na iya cutar da shi.

Ku kuma masu gidajen abinci, ba ku rasa komai in kun ware tukunya ɗaya mai ƙarancin gishiri, kuka ajiye gishirin a kan tebur. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa da tsamiya suna ba da ɗanɗano. Ku koya wa yaranku na aiki cewa wanda ya ce a rage masa magi ba zagin girkinku ya yi ba, mai ciniki ne da ke son ya daɗe yana dawowa.

Nauyi mafi girma yana kan iyali. Dattijo ba zai yi magana ba, mun san halin iyayenmu. Ɗan da ya kai mahaifinsa cin abinci shi ya kamata ya fara zuwa wurin mai girki ya yi bayani tun kafin a zuba. Na faɗa wa ɗan kawuna haka, ya ji zafi, ya ce shi da alheri ya nufa. Ban musa ba. Amma in wannan alherin ya kwantar da tsoho, shi ne dai zai kwana a bakin gadon asibiti a Katsina yana juya shi. Watan gobe kawu zai dawo awo, kuma mun yi da yaron cewa shi zai riga kowa magana.