Hannunka Ba Ya Ruɓewa Ka Yanke Ka Yar

'Yan'uwa manoma, a kusan kowace makarantar ƙauye akwai yaron da kowa ya san sunansa. Shi ne mai zuwa a makare. Shi ne mai faɗa in an fita tara. In biro ko kuɗin wani ya ɓace, duk idanu kansa suke komawa. Maganin da muka saba ba shi iri biyu ne: bulala, in kuwa ta ƙi ci, sai kora. Muna so mu faɗa a fili cewa wannan magani ba ya warkar da cutar. Akwai hanyar da ta fi shi, kuma ƙungiyoyinmu na manoma suna da abin yi a ciki.

Su wane ne waɗannan yara?

In muka bi sawun irin yaron nan har gida, sau da yawa za mu tarar da abin tausayi. Wani maraya ne, yana hannun kakarsa wadda ƙarfinta ya ƙare. Wani rikici ne ya kore su daga ƙauyensu, da idonsa ya ga an ƙone gida da rumbu, har yanzu barcinsa ba ya yin nisa. Wata yarinya sai ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta share tsakar gida kafin a bar ta ta fita. Wani bai sa kome a bakinsa ba tun tuwon jiya. Wani kuwa kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya ganin allo, amma an ɗauka taurin kai ne.

Dokar ilimi ta ƙasarmu ta shekarar 2004 ta ce kowane yaro ya sami karatun shekara 9 kyauta, kuma dole ne. Duk da haka, a shekarar 2022 hukumar UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. Ba dukansu ne ba su taɓa shiga aji ba. Da yawa sun shiga suka fita. To, ashe duk yaron da muka kora, mun ƙara ɗaya ke nan a kan wannan adadi da hannunmu.

Mu tambayi kanmu, ina korarren yaro yake zuwa? Ba ya ɓacewa. Tasha yake tafiya, ko ramin haƙar ma'adinai, ko wurin masu shaye-shaye. In yarinya ce, sai a yi mata aure ba ta kai ba. Bayan 'yan shekaru sai mu ji ana fasa mana rumbu, ana kwance mana awaki. Makaranta ta huta da shi, amma gari bai huta ba.

Mece ce hanyar sulhu?

In yaro ya yi laifi, tambayoyin da aka saba yi su ne: wace doka ya karya, bulala nawa za a yi masa? Hanyar sulhu tana yin waɗansu tambayoyi dabam. Me ya faru? Wa aka cuta? Me za a yi a gyara ɓarnar, kuma wa zai yi?

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In shanu suka shiga gona, dattawa sukan zaunar da mai gona da mai shanu, a duba ɓarna, a yanka abin da za a biya, a rabu lafiya, gobe a haɗu a kasuwa. Abin mamaki, waɗansu ƙasashe sun ɗauki irin wannan al'ada sun mai da ita doka. A ƙasar Niyu Zilan, mutanen Maori, waɗanda su ne 'yan asalin ƙasar, sun daɗe suna kukan cewa hukuma tana ɗebe musu 'ya'ya tana kai su gidajen horo ba tare da jin ta bakin dangi ba. A shekarar 1989 sai aka kafa dokar yara da iyalansu, wadda ta kawo taron dangi. In yaro ya yi laifi, a kira shi, da danginsa, da wanda ya cuta in ya yarda ya zo. A baje maganar gaban kowa. Sa'an nan ma'aikatan hukuma su fita su bar dangi su kaɗai su shirya yadda yaron zai gyara abin da ya ɓata. In an amince, a rubuta, a bi sawu.

Daga nan abin ya shiga makarantu. A shekarar 1994 wata makarantar sakandare a jihar Queensland ta Ostireliya ta yi irin wannan zama bayan wani ɗalibi ya ji wa wani rauni, daga baya ƙasashe da dama suka bi.

Mu ɗauki misali irin namu. A ce yaro ya saci ƙuli da gyaɗar 'yar ajinsu. In an yi masa bulala shida, ya sha zafi, amma yarinyar ba ta sami kayanta ba, shi kuma ya ƙulla ta a zuci, gobe ma da yunwa zai zo. Amma in an zauna, zai ji da kunnensa cewa kuɗin gyaɗar nan uwar yarinyar ranto shi ta yi. Kawunsa zai ji cewa ɗan ƙanensa yana zuwa makaranta ciki ba kome. Sai a shirya yaron ya biya da aikin hannunsa, kawun kuma ya ɗauki nauyin karin kumallo. Yarinya ta sami hakkinta, yaro bai bar aji ba.

Ajin reno

Sulhu yana zuwa ne bayan an yi laifi. Amma rigakafi ya fi magani. A shekarar 1969, a unguwar Hackney ta birnin Landan, wata masaniyar halayyar yara mai suna Marjorie Boxall ta lura cewa yara da yawa daga gidajen wahala suna shiga firamare ba su taɓa samun babban da suka amince da shi ba. Irin waɗannan ba sa iya zama wuri ɗaya, ba sa iya jiran layi, ba sa yarda da kowa. Sai ta fara abin da za mu kira ajin reno. Yara kamar 10 zuwa 12, manya biyu waɗanda ba a canza su, ɗaki mai kama da gida. Su karya kumallo tare, su koyi gaisuwa, da jira, da raba abu, tare da karatu. Bayan zango biyu zuwa huɗu sai yaro ya koma ajinsa gaba ɗaya.

Birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, inda talauci ya yi wa unguwanni da yawa katutu, ya fara irin waɗannan azuzuwa a shekarar 2001. Daga baya hukumar ilimin birnin ta sa makarantunta duka su bi wannan tafarki, su daina saurin korar yara. Cikin shekara goma bayan 2007, korar ɗalibai a birnin ta ragu da kimanin kashi 80 cikin 100. Darasin a nan shi ne, yaro yana koyo ne daga wanda ya yarda da shi. In babu amana tsakanin malami da ɗalibi, alli da allo ba za su yi aiki ba.

Ga shi a ƙasarmu

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa masu kuɗi. A Maiduguri, wani lauya mai suna Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a shekarar 2007 da yara 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, makarantar ba ta rufe ƙofa ba. Ta karɓi 'ya'yan jami'an tsaro da na farar hula da aka kashe, ta kuma karɓi 'ya'yan mayaƙan da suka mutu, duka a aji ɗaya. Karatu, da abinci, da tufafi, da magani kyauta ne. An kuma jawo iyaye mata da suka rasa mazajensu cikin tafiyar. Zuwa shekarar 2017, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, ɗaliban sun kai 540. In waɗannan yara za su iya cin abinci a kwano ɗaya, wane laifi ne ɗan ƙauyenmu zai yi da ya fi ƙarfin zama?

"Ai sangarta su za a yi"

Mun san abin da waɗansu iyaye za su ce: mu ma da bulala aka rene mu, ga shi mun zama mutane. Muna girmama wannan magana, amma mu tuna da abokan karatunmu da suka gudu saboda dūka ba su sake komowa ba. Su ba sa nan balle su ba da shaida. Kuma sulhu ba sakaci ba ne. Shan bulala shida minti biyu ne. Amma yaro ya dubi wanda ya cuta ido da ido, gaban kawunsa da malaminsa, ya amsa laifinsa, ya yi mako biyu yana biya, wannan ya fi nauyi ƙwarai.

Ba kuma za mu ce hanyar tana maganin kome ba. A birnin Pittsburgh na Amurka an gwada ta a makarantu 22, aka kwatanta su da waɗansu 22, tsawon shekara biyu. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna kwanakin da yara suke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100, 'ya'yan talakawa kuma suna cikin waɗanda suka fi amfana. Amma sakamakon jarrabawa bai ƙaru ba, a waɗansu azuzuwa ma ya ɗan sauka. Wato sulhu yana riƙe yaro a aji, amma koyarwa mai kyau tana nan a wuyan malami. Abin yana kuma cin lokaci. Malami ɗaya mai yara cike da aji ba zai iya shi kaɗai ba, sai da taimakonmu.

Akwai kuma iyaka da dole mu ja. In babba ne ya cuci yaro, ko aka yi wa yarinya fyaɗe, ko aka ji wa wani mummunan rauni, wannan ba maganar sulhu a ofishin hedimasta ba ce. Maganar hukuma da asibiti ce. Kada a fake da sulhu a rufe ɓarna. Kada kuma a tilasta wa wanda aka cuta ya zauna da wanda ya cuce shi, ko a matsa masa ya ce ya yafe.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari biyar da ba sa bukatar jiran gwamnati.

Na ɗaya, mu san yaran. Mutum biyu daga ƙungiya, mace da namiji, su zauna da hedimasta a farkon kowane zango su rubuta sunayen marayu, da 'yan gudun hijira, da masu yawan fashi. A riƙe takardar a asirce. Kada a karanta ta a taro a kunyata kowa. A sa kowane yaro da ya cancanta, ko iyayensa 'yan ƙungiya ne ko ba su ba ne, ko wane addini suke bi.

Na biyu, kowane yaro ya sami babba ɗaya. Ba sai mai kuɗi ba. Mutum mai hankali wanda jama'a suka shaida halinsa, wanda zai tambayi yaron karatunsa kowane mako, ya leƙa gidansu in an kwana biyu ba a gan shi a aji ba. 'Yan mata a haɗa su da mata. Zumuntar mata ta ƙware a irin wannan ziyara.

Na uku, kunun safe. In kaka ta yi, kowane ɗan ƙungiya ya ba da mudu ɗaya ko biyu na gero, ko masara, ko waken soya. A ajiye domin watannin Yuni da Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, yunwa take hana yara zama. A ba duk ɗan ajin da yake so, domin kada kunun ya zama tambarin talauci.

Na huɗu, mu roƙi kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su amince da ƙa'ida ɗaya: ba za a kori yaro ba sai an yi zaman sulhu. A zaɓi dattawa biyu ko uku masu haƙuri da riƙon sirri su riƙa jagorar zaman. Kowa ya yi magana ba a katse shi ba. A fara da tambayoyin nan uku. A rubuta abin da aka shirya, a sa rana, bayan mako biyu a sake haɗuwa a ga ko an cika.

Na biyar, mu dubi gidajenmu. Da damina mu ne muke janye yara daga aji domin shuka da noma, marayun da ke hannunmu kuwa su ake fara janyewa. In aikin ya yi yawa, ga gayya, ga ranar Asabar. Gonar gwauruwa ma ƙungiya ta yi mata gayya, domin ɗanta ya zauna a makaranta.

Kowane manomi ya san in dawa ta yi ja a wani gefen gona, ba tumɓuke ta ake yi ba. Dubawa ake yi, ko ƙuduji ne, ko ruwa ne ya kwanta, ko taki ne ya gaza. In muna yi wa dawa wannan haƙuri, yaro ya fi cancanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake yi.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na gaba, su gayyaci hedimasta da mai unguwa. Duk ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi da rashinsa, domin sauran su ƙaru. Yaron da muka riƙe yau, shi ne zai riƙe littafin asusun ƙungiyarmu gobe.