Labaran Soyayya da Jinyar Zuciya

Duk wanda ya shiga shagon sayar da littattafai a Greensboro, ko wani gari na jihar Karolina ta Arewa, zai tarar da wani rukunin littattafai da Kiristocin Amurka suke so ƙwarai. Labarai ne na soyayya, akasari waɗanda suka faru a zamanin da, a ƙananan garuruwa inda kowa ya san kowa. Yawancinsu sukan fara da rashi: mace ta rasa mijinta, ko namiji ya rasa matarsa, sannan a bi su a ga yadda zuciya take warkewa. Masana adabi da yawa ba sa ɗaukar waɗannan littattafai da muhimmanci. A ganina wannan kuskure ne, kuma ɗalibin Hausa yana da dalili na musamman na kula da su.

Alal misali, a shekarar 1979 wata marubuciya 'yar ƙasar Kanada mai suna Janette Oke ta fitar da littafinta Love Comes Softly. Labarin wata yarinya ce, Marty, wadda mijinta ya rasu a lokacin da suka yi ƙaura zuwa yamma neman ƙasar noma, ya bar ta da juna biyu. Wani manomi, Clark, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, ya nemi ta aure shi don ta riƙe masa 'yar, ita kuma ta sami wurin fakewa. Babu so a farkon auren nan. A hankali ya tsiro, ta hanyar aikin gida da ladabi da addu'a. Haka kuma a nan Karolina ta Arewa, Jan Karon ta fitar da At Home in Mitford a 1994, ta ƙaga wani ɗan gari wanda ya yi kama da Blowing Rock da ke cikin duwatsun yammacin jihar, inda wani limamin coci yake ɗawainiya da yaron da ba shi da mai kula da shi da sauran masu raunin zuciya.

Tushen irin wannan labari daɗaɗɗe ne. Littafin Rut da ke cikin Littafi Mai Tsarki labarin bazawara ne da surukarta, waɗanda suka koma Baitalami hannu rabbana, har Allah ya haɗa Rut da Bo'aza. Kiristoci masu jin Hausa, a Wusasa da Jos da sauran wurare, suna karanta shi da harshen Hausa tun daga 1932, shekarar da aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki.

To, a ƙasar Hausa ma muna da 'yan'uwan waɗannan littattafai. Tun daga shekarun 1980 aka sami bunƙasar littattafan soyayya a Kano, waɗanda wasu suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Mata ne suka rubuta da yawa daga cikinsu, mata ne kuma suka fi karanta su. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, rashin da Rabi ta yi ba na mutuwa ba ne. Mijinta ne ya kore ta da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. Addinin ya bambanta, amma tambayar ɗaya ce: idan ginshiƙin gida ya faɗi, me zai riƙe mace, kuma ina jama'a suke? Su ma waɗannan littattafai sun sha raini. A 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Dalilin da ya sa nake kare su shi ne suna magana a kan abin da manyan littattafai sukan tsallake. A al'adar Musulmin Hausawa, idan miji ya rasu, matarsa takan yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ana zaman makoki, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a wurare da yawa. Bayan nan kowa ya watse, a bar ta da marayu da bashin hatsi da kuɗin makaranta. Daga nan ne littafin soyayya yake ɗaukar labari. Mai karatu da ta shiga irin wannan hali takan ga kanta a ciki, ta san ba ita kaɗai ba ce.

Amma ba zan ce ba su da aibu ba. Babban aibunsu, na Amurka da na Kano duka, shi ne sukan mayar da aure maganin kowane baƙin ciki. Kafin shafin ƙarshe an sami mijin kirki, an ɗaura aure, hawaye sun bushe. A zahiri akwai zawarawa da yawa da ba sa sake aure, akwai kuma waɗanda aure na biyu ya ƙara musu wahala. Idan labari ya nuna cewa duk mai imani za ta warke cikin shekara guda, wadda ba ta warke ba za ta ɗauka imaninta ne ya yi rauni. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci, amma ba su yanke wa haƙurin wa'adi ba. Haka nan ƙaramin garin da ake yabo shi ne kuma garin tsegumi da sa ido, kuma labaran tarihi na kudancin Amurka sau da yawa sukan kau da kai daga bauta da wariyar launin fata.

Saboda haka ina ba ɗalibai shawara su karanta irin waɗannan littattafai gefe da gefe, ɗaya na Turanci, ɗaya na Hausa, su lura da kalmomin da kowane yake amfani da su wajen ta'aziyya. Su duba inda Bahaushe yake cewa haƙuri, ƙaddara, dangana, su ga me Ba'amurke yake faɗa a wurin. Su kuma tambayi kansu wace ce ba a ba da labarinta ba. Wanda ya yi haka zai koyi Hausa da ba ta cikin littafin nahawu, zai kuma san abin da ya kamata ya faɗa ranar da ya shiga gidan makoki.